Nazarin lamari: yadda jerin RAID 5 ya durƙushe a sabar wani kamfanin jigila a Agege, da yadda aka ceto bayanan

Kamfanin na dillancin hatsi da jigilar kaya ne. Babban ofishinsa yana Agege, yana da rumfa a kasuwar Mile 12, motocinsa kuma suna ɗauko wake da masara da albasa daga Arewa zuwa Legas. Duk lissafinsa a saba ɗaya yake, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis, Dell PowerEdge R730 ta hannu da aka saya a Computer Village ta Ikeja, aka ɗaure ta a ƙaramin rak cikin wani ɗaki bayan ofishin akawu. Tana da gurabe takwas na faifai mai inci 3.5, da katin PERC H730 da ke sarrafa faya-fayan, mai ma'adanar wucin-gadi ta 1GB da batirinta.

An cika gurabe shida, daga 0 zuwa 5, da faya-fayan SATA masu 4TB, aka haɗe su duka a RAID 5 guda, tsarin da ke haɗa faya-fayai su zama jeri ɗaya mai jure mutuwar faifai ɗaya kacal. Wannan ya ba da 20TB a lissafin masu sayarwa, kimanin 18.2 a allon Windows. Huɗu daga cikin faya-fayan irin na saba ne. Biyu kuwa, na gurbi 1 da na gurbi 4, irin na kwamfutar tebur ne, an cike giɓi da su saboda sun fi araha. A kan wannan jeri ɗaya aka zuba komai: Windows Server, rumbun bayanan lissafi na SQL Server, hotunan takardun lodi da rasit, har da bidiyon kyamarorin tsaro da ke rubutu dare da rana. Babu faifan ko-ta-kwana, wato wanda ke jira ya maye gurbin wanda ya mutu. Ba a haɗa iDRAC, na'urar sa ido da ke jikin sabar, da netwok ba. Abin da ake kira ajiyar kwafi kuwa wata folda ce a kan jerin nan dai, sai wani faifan USB da rabon a sabunta shi an yi watanni.

Abin da ya faru kafin a kira masu ceto

Ƙorafin farko na akawu ne: manhajar lissafi ta yi nauyi, rasit ɗaya sai an jira. Aka kira mai gyaran da ya saba kula da kwamfutocin ofishin. Ya buɗe murfin gaban sabar, ya ga fitilar gurbi 3 tana ƙiftawa ruwan goro, alamar faifai ya mutu. Ya kuma ga katin yana rubutu kai tsaye kan faifai ba ta ma'adanarsa ba. Sai ya yi abu biyu a safiya ɗaya, ana tsaka da aiki. Ya tilasta wa katin amfani da ma'adanar ko babu batiri, zaɓin da ake gani a matsayin Force Write Back, sannan ya zare mataccen faifan ya saka sabo. Katin ya fara sake gini, wato cika sabon faifan da abin da ke kan wanda ya mutu. Da ginin ya haura kashi 60 cikin 100, faifan gurbi 1 ya daina amsawa, katin ya fitar da shi, jerin gaba ɗaya ya faɗi. Mai gyaran ya kashe sabar ya sake kunnawa, allon ya nuna akwai Foreign Configuration, wato katin ya ga tsarin jeri a kan faifai amma bai ɗauke shi nasa ba. A nan ya tsaya, kuma tsayawar nan ita ce ta bar ƙofar ceto a buɗe. Da ya danna Clear ya ƙirƙiri sabon jeri ya goge shi, da maganar ta zama ta ɗakin ceto bayanai mai tsada, idan ma ta yiwu.

Nauyin da akawu ya ji dalilinsa biyu ne. Na farko, batirin katin ya mutu. A H730 aikin batirin shi ne ya riƙe wuta na ɗan lokaci har a kwashe abin da ke ma'adanar zuwa filashin da ke jikin katin idan wuta ta ɗauke. Da katin ya ga batirin ba zai iya ba, sai ya koma rubutu kai tsaye don kare bayanai. RAID 5 kuwa kowane ƙaramin rubutu aiki huɗu yake jawo masa: karanta tsohon bayani, karanta tsohon fariti, rubuta sabon bayani, rubuta sabon fariti. Babu ma'adanar da za ta ɓoye wannan wahala, dole a ji ta. Na biyu, jerin ya daɗe a gurgunce, wato yana aiki da faifai ɗaya a mace. Fariti lissafi ne da ake rarrabawa a kan faya-fayan, kamar a ce an rubuta 3 da 5 da 2 an kuma ajiye jimillarsu 10. In 5 ya ɓace ana samo shi daga sauran. To duk lokacin da aka nemi wani abu da ke kan mataccen faifan, sai katin ya karanta sauran biyar ya lissafo shi.

Rajistar Lifecycle ta iDRAC, wadda ba ta gogewa don an kashe na'ura, ta nuna faifan gurbi 3 ya fita daga jerin wajen wata huɗu kafin wannan rana. Wata huɗu kamfanin yana kamar tirelar da ta riga ta ɗaura safayarta tun Jebba, direban bai sani ba, yana ta gudu da cikakken lodi.

Me ya sa sake ginin ya kayar da jerin

Don a cika sabon faifai mai 4TB dole katin ya karanta kowace sekta, wato ƙaramin gurbin ajiya a jikin faifai, ta sauran biyar ba tare da kuskure ko ɗaya ba, 20TB ke nan. Masu ƙera faifai suna rubuta iyakar kuskuren karatun da ba ya gyaruwa: a faifan tebur galibi ɗaya cikin bit 10^14, wajen 12.5TB, a faifan saba ɗaya cikin 10^15. In aka lissafa da biyu na tebur da uku na saba, yiwuwar cin karo da sekta mara karantuwa a gini ɗaya ta kusa rabi da rabi. Gaskiya ne wannan adadi iyaka ce ta sama, lafiyayyen faifai yakan fi haka kyau. Amma waɗannan ba sababbi ba ne, kuma tsawon watannin gurguntar nan, ko sintirin karatu na katin, wato zagayen da yake yi yana duba lafiyar sektoci, ya gano sektar da ta lalace, ba shi da fariti mai rai da zai gyara ta da shi. Lalatattun sektoci sai taruwa suka yi.

Sai kuma halin faifan tebur. Faifan saba in ya kasa karanta sekta yakan haƙura cikin kusan daƙiƙa 7, ya shaida wa katin, katin ya san abin yi. Na tebur yakan nace yana maimaitawa har ya wuce lokacin da katin zai iya jira, sai katin ya ɗauka ya mutu ya kore shi. Abin da ya sami gurbi 1 ke nan. Faifan bai mutu ba, sektoci kaɗan ne suka lalace a jikinsa.

Kashe sabar ma ya yi tasa ɓarnar. Lokacin da jerin ya faɗi, akwai rubutun da katin ya riga ya shaida wa Windows cewa ya ajiye, alhali yana ma'adanar bai sauka kan faifai ba. Da batiri mai rai da katin ya riƙe shi har jerin ya dawo. Da mataccen batiri da tilascin da aka yi, wuta na yankewa ya tafi.

Ceton

Abin da aka fara yi bai shafi manhaja ba. Aka kashe sabar, aka manna wa kowane faifai takarda mai lambar gurbinsa da lambar siriyal ɗinsa, aka ɗauki hoto. Aka raba uku da bai kamata a rikita ba: tsohon faifan gurbi 3, sabon faifan gurbi 3 da gininsa bai kammala ba, da faifan gurbi 1.

A nan aka yi muhawarar da ta fi kowace muhimmanci. Tsohon faifan gurbi 3 yana cikin aljihun tebur, kuma in an saka shi yana juyawa, don haka aka kawo shawarar a mayar da shi a tilasta masa shiga. Ba a yarda ba. Abin da ke kansa na wata huɗu baya ne. In ya shiga jerin, katin zai gauraya tsohon bayani da sabo a kowane layi, Windows ta tashi ta ga tsarin fayil a hargitse, chkdsk, manhajarta ta gyaran faifai, ya fara gyara, kuma gyaran nan rubutu ne da ba ya komawa baya. Ƙa'idar ita ce wanda ya fita ƙarshe shi ake dawo da shi, kuma rajista ce take faɗin wane ne, ba tunanin mutum ba. Alhaji mai kamfanin yana son a gama a ranar, don motoci suna Mile 12 suna jiran takarda. Injiniyan da ke jagorantar aikin ya ce masa: "Ranka ya daɗe, a ci gaba da rubuta rasit da hannu kwana biyu. In muka yi gaggawa yau, ba rasit ɗin yau kaɗai za a rasa ba, har da bashin da kake bin mutane tun bara." Ya amince.

Ba a mayar da faifan gurbi 1 cikin sabar ba. An kai shi wata kwamfuta mai Linux, aka haɗa shi da tashar SATA kai tsaye, aka kwafe shi sekta-sekta zuwa sabon faifai mai adadin sektoci daidai da nasa. Daidaiton girman yana da dalili: katin yana ajiye bayanan tsarin jerin ne a ƙarshen faifai, in kwafin ya fi girma ba za su faɗo inda yake neman su ba. Da GNU ddrescue, manhajar kwafe faifai mai ciwo, aka yi, zagaye biyu:

`ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc taswira.log`

`ddrescue -f -d -r3 /dev/sdb /dev/sdc taswira.log`

Zagayen farko yana kwashe duk abin da ke karantuwa da sauƙi, yana tsallake wuraren wahala. Na biyu yana komawa kansu har sau uku. A tabbatar da wane ne sdb, faifan asali, wane ne sdc, sabon faifan, ta lambar siriyal kafin a danna, don juya su yana nufin an shafe asalin. Kwafe 4TB ko a gudun 150MB a daƙiƙa ya haura awa 7, mai ciwo kuma ya fi haka, shi ya sa aka yi aikin kan UPS da janareta mai cikakken dizal, ba a bari aka yi canjin wuta a tsakiya ba.

Sektoci kaɗan sun ƙi karantuwa. A kula da wannan: a kan kwafin, wuraren nan suna karantuwa lafiya lau, sai dai abin da ke ciki ba shi ne na asali ba, katin kuma ba zai yi ƙorafi ba. Saboda haka duk abin da aka ceto sai an tantance shi, kuma fayil ɗin taswira.log, wanda ke nuna wuraren da ba su karantu ba, abin adanawa ne.

Daga nan aka saka kwafin a gurbi 1, aka bar gurbi 3 fayau don kada wani gini ya tashi da kansa, aka shiga saitin katin da Ctrl+R. An duba samfotin tsarin kafin a karɓe shi: RAID 5, mambobi shida, ɗaya babu, girman yankin da ake rubutawa kan kowane faifai kafin a wuce na gaba 64KB. Ya dace da rajista, sai aka danna Import, jerin ya dawo a gurgunce. Ba kullum kati yake karɓar kwafi haka ba. In ya ƙi, hanyar da ta rage ita ce a ɗauki hoton duka biyar a harhaɗa jerin da manhaja, ba a yi ta gwaje-gwaje kan na asali ba. Ba a bar Windows ta tashi ba. An tashi da Linux daga filashi, aka buɗe ɓangaren NTFS don karatu kawai da `mount -o ro`, aka fara kwafa bisa daraja: fayilolin .mdf da .ldf na rumbun bayanai, sai hotunan takardu, sai foldojin ma'aikata. Duka ba su kai 3TB ba. Bidiyon kyamara, wanda shi ya cinye fiye da rabin jerin, na makonnin ƙarshe kawai aka ɗauka.

A wata kwamfutar aka ɗora rumbun bayanan aka gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin SQL Server na duba lafiyar rumbun. Ya nuna ɓarna a wasu fihirisa biyu, waɗanda ake iya rushewa a sake ginawa daga ainihin teburan. Ba a taɓa zaɓin REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS ba, don shi yana gyara ne ta hanyar zubar da shafukan da suka lalace. Shigarwar safiyar ranar ta ɓace, akawu ya mayar da ita daga kwafin littafin rasit. Hotunan takardu kaɗan sun buɗe rabi.

Sabon tsari

Ba a sake gina tsohon jerin ba ko bayan ceton. Jerin da ya wuce ta irin wannan hanya yana iya ɗauke da layukan da fariti da bayaninsu ba su jitu ba, kuma suna bin kowane sabon faifai da aka saka. Aka rushe shi, aka canja batirin katin, aka sabunta manhajar cikin katin da ta iDRAC.

Gurbi 0 da 1 suka karɓi SSD biyu na saba masu 960GB a RAID 1, inda kowanne yake kwafin ɗayan, don Windows da rumbun bayanai. Suna bukatar tire mai mazaunin inci 2.5. Gurbi 2 zuwa 6 suka karɓi faya-fayai biyar na NL-SAS masu 4TB a RAID 6, wanda ya ba da 12TB, wajen 10.9 a allo. Gurbi 7 ya zama na ko-ta-kwana. Ga umarnin da aka bayar da perccli64, manhajar sarrafa katin:

`perccli64 /c0 add vd r6 drives=32:2-6 strip=256 wb ra`

`perccli64 /c0/e32/s7 add hotsparedrive`

Lambar 32 ta akwatin gurabe ce a wannan na'ura, a duba ta da `perccli64 /c0 show` kafin a kwafi umarnin. RAID 6 yana jure mutuwar faifai biyu, wato in ana sake gini aka ci karo da lalatacciyar sekta akwai fariti na biyu da zai cike. Farashinsa aiki shida ne a kowane ƙaramin rubutu, abin da ya sa aka ɗauke rumbun bayanai daga kansa. Ga hotunan takardu da ake rubutawa sau ɗaya a yi ta karantawa, wannan ba matsala ba ce, kuma yanki mai 256KB ya fi dacewa da su. Da rumbun bayanan zai zauna kan faifai mai juyawa, RAID 10 za a zaɓa, wanda ke ajiye kwafi biyu na komai ba tare da lissafin fariti ba. An yi cikakken gogewar farko, ba ta gaggawa ba, don ta taɓa kowace sekta tun babu komai a kai. An kashe ma'adanar da ke jikin faya-fayan masu juyawa, tunda babu batirin da ke kare ta. Kyamarori kuma aka saya musu na'urar naɗinsu daban.

PERC ba ya haɗa SAS da SATA a jeri ɗaya, ba ya haɗa SSD da mai juyawa, kuma na gurbi 7 ba zai tsaya wa SSD ba. Don haka aka ajiye SSD na uku a kabad. A guji faifai mai fasahar SMR, wadda ke ɗora layukan rubutu kan juna, a kowane jeri, rubutunsa yana durƙushewa a lokacin gini.

Sayen faifai na hannu ba laifi ba ne in an gwada shi. Kowanne an duba awannin aikinsa da `smartctl -a`, an kwatanta da shekarar da ke jikin lakabinsa. Faifan da ya shekara biyar yana nuna awa ɗari abin tuhuma ne. A SAS ana duba jerin lahanin da ya ƙaru, a SATA lamba 5 da 197 da 198 na rahoton, masu ƙirga lalatattun sektoci. Sai gwajin `smartctl -t long`. An saye su daga wurin mutum biyu, don kada duka su zama 'yan rukuni ɗaya masu tsufa tare.

Zafi da wuta

Mutuwar batirin katin ba ta rasa nasaba da ɗakin. Ana kashe na'urar sanyaya ɗaki da an tashi aiki, da kuma duk lokacin da aka koma ƙaramin janareta, sabar tana ci gaba da aiki a ɗaki rufe cikin zafi da laimar Legas. R730 an ƙera ta ta jure iskar shiga daga digiri 10 zuwa 35, amma abin da ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine, ta ba da shawara 18 zuwa 27 ne, kuma batiri shi yake fara gajiya. Batiran UPS na dalma ma rayuwarsu tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25. Guraben biyu da aka bari a buɗe ba tare da murfi ba suna karkatar da iska daga faya-fayan. Wayoyin wutar sabar biyu kuma a soket ɗaya aka same su. An kawo UPS na onlayin mai 3kVA, aka haɗa shi da sabar yadda zai kashe ta cikin tsari in batiri ya kusa ƙarewa, aka raba wayoyin zuwa hanyoyi biyu, aka mayar da sanyin ɗakin kan layin da ba a kashewa.

Wanda zai ji in wani abu ya faru

An haɗa iDRAC da netwok, aka canja kalmar sirrin da take zuwa da ita, root da calvin, wadda kowa ya sani. Aka saita saƙon imel na gargaɗin faifai da batiri da zafi zuwa mutum uku: mai kula da kwamfutoci, akawu, da manajan ofis. Kafin a mayar da bayanai aka yi gwaji a gaban kowa: aka zare faifan gurbi 4 sabar tana aiki, saƙo ya shigo wayoyin, na gurbi 7 ya fara gini, aka bi shi da `perccli64 /c0/e32/s7 show rebuild` har ya gama. An bar kason ƙarfin katin da ake ware wa gini a kashi 30 cikin 100 yadda ya zo, in dare ya yi ana iya ɗaga shi. Sintirin karatu yana gudana duk kwana 7 da kansa, binciken daidaiton fariti kuma aka sa shi sau ɗaya a wata, daren Asabar, da `perccli64 /c0/v1 start cc`. A ƙofar rak aka manna takarda da Hausa da Turanci: fitila kore a tsaye lafiya, kore da ruwan goro suna musanya faifai yana shirin mutuwa, ruwan goro mai ƙiftawa da sauri ya mutu, a kira, a yi kwafi, kada a zare komai.

Ajiyar kwafi yanzu uku ce: rumbun bayanai yana fita kowane dare zuwa wata na'ura a wani ɗakin, faifan USB biyu ana musanya su duk Juma'a ɗaya yana kwana a wajen ofis, sai kwafi mai kulle da ke hawa intanet. Farkon kowane wata ana dawo da kwafi ɗaya kan wata kwamfutar, akawu ya buɗe ya duba jimillar bashi ta dace da tasa.

Tsofaffin faya-fayan shida suna ɗauke da sunaye da lambobin waya da na asusun abokan ciniki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin irin waɗannan. An riƙe su a kulle wata guda har aka tabbatar babu abin da za a koma nema. Huɗun da ke da lafiya aka shafe su gaba ɗaya da `shred`, na gurbi 1 da tsohon na gurbi 3 kuma aka huda su da injin huji.